Kiwon ƙananan dawaki: Yadda minti 30 na naƙuda ke cinye wahalar wata 11

A Amurka da Ajantina da wasu ƙasashen Turai ana kiwon wani nau'in doki wanda ko ya gama girma tsayinsa ba ya kai ƙugun babban mutum. Yana da geza da wutsiya da kofato kamar kowane doki, yana haniniya, yana sukuwa, sai dai idan aka tsayar da shi kusa da ƙaton ragon Balami sai su yi kafaɗa da kafaɗa. Ƙungiyar AMHA, wadda aka kafa a jihar Teksas a 1978 domin rajistar irin waɗannan dawaki, ba ta karɓar wanda ya haura inci 34, wato kimanin santimita 86. Takwararta AMHR tana ɗaga ƙafa zuwa inci 38. Ana kiwonsu don gasar nuna kyau, da jan ƙananan kekuna, da ɗebe wa yara da tsofaffi kewa. Tun 2011 ma dokar masu buƙata ta musamman a Amurka ta amince a horar da su su yi wa makafi jagora, kamar yadda ake horar da karnuka.

Ƙanƙantar ba daga sama ta faɗo ba, aikin hannun ɗan Adam ce. A Ajantina iyalan Falabella sun shafe tsararraki, tun ƙarni na 19, suna zaɓar mafi ƙanƙanta a garke suna haɗa su barbara, har irin ya ɗauki sunansu. A Birtaniya kuma, bayan dokar 1842 da ta hana tura mata da yara 'yan ƙasa da shekara 10 cikin ramukan haƙar kwal, sai kasuwar ƙurun dawakin tsibiran Shetlan ta buɗe, domin su ne ke iya ratsa ramukan da kaya. Daga jinin waɗannan da makamantansu aka samo mafi yawan ƙananan dawakin yau. To, amma abin da aka matse a jiki yakan fito a wajen haihuwa. Masu wannan kiwo sun san cewa asarar duƙushi ta fi yawa a bargarsu fiye da ta masu manyan dawaki, kuma kusan babu wanda ya daɗe a sana'ar bai binne ko ɗaya ba.

Abin da ya bambanta goɗiya da saniya

Mai karatun da ya saba da shanu yana iya mamakin wannan fargaba, tunda saniya takan shafe sa'o'i tana naƙuda, a ƙarshe a ciro maraƙi da ransa. Goɗiya ba haka take ba. Mabiyiyar saniya tana maƙale da mahaifa ta wasu ƙulle-ƙulle masu kama da maɓallai, waɗanda ba sa saurin saki, don haka maraƙi yana ci gaba da samun iska daga jinin uwa ko da an yi jinkiri. Ta goɗiya kuwa shimfiɗe take a bangon mahaifa kamar zane, kuma da zarar nishi ya yi ƙarfi sai ta fara ɓanɓarewa. Daga fashewar faya zuwa faɗowar duƙushi, a lafiyayyar haihuwa, minti 15 ne zuwa 30. Wani nazari da likitocin asibitin dabbobi na Jami'ar Fensilbeniya suka wallafa a 2007 ya nuna cewa bayan minti 30 na farko, kowane ƙarin minti 10 yana ƙara haɗarin haifar duƙushin a mace da kusan kashi 10 cikin 100.

Wannan ƙa'ida ta shafi kowace goɗiya, babba da ƙarama. Abin da ya ƙara wa ƙaramar nauyi shi ne lissafin jiki. Babbar goɗiya mai kilo 500 takan haifi ɗa mai kimanin kilo 50, kuma ƙugunta yana da fili. Ƙaramar, wadda sau da yawa nauyinta bai wuce kilo 100 ba, takan haifi ɗan kilo 7 zuwa 11, amma mafitar ƙunci gare ta, ga shi da yawa daga cikin 'ya'yan suna zuwa da goshi mai tudu, abin da masu gasa ke so a ido amma ƙugu ba ya so. Yadda ya kamata ɗa ya fito shi ne ƙafafun gaba biyu a miƙe, ɗaya ta ɗan riga ɗaya, tafin kofato yana kallon ƙasa, hanci kwance a kan gwiwoyi. Idan ƙafa guda ta lanƙwashe baya, ko wuya ya karkace gefe, ko ɗan ya zo zaune irin zaman kare, hanya ta toshe ke nan.

A babbar goɗiya likita yakan zura hannu har kafaɗa, ya tura ɗan baya, ya miƙe abin da ya lanƙwashe. A ƙaramar kuwa wani lokaci tafin hannun namiji ma da ƙyar yake shiga tare da ɗan. Shi ya sa a wasu bargogin mai ƙaramin hannu ne ake tasa daga barci, ko da ba shi ne mafi ƙwarewa ba. Idan gyaran ya faskara a tsaye, sai a yi wa goɗiyar allurar barci, a ɗaure ƙafafunta na baya a ɗaga sama da ƙugiya domin kayan ciki su zame gaba a samu fili. Idan wannan ma bai yi ba, sai tiyata, ko kuma, in ɗan ya riga ya mutu, a yanyanka shi a ciki a fitar da shi gunduwa-gunduwa don ceton uwar. Duk wannan yana buƙatar asibiti a kusa. Mai kiwon da ke da tafiyar sa'a guda tsakaninsa da likita ya san cewa a daren haihuwa shi ne likitan farko, ko ya so ko bai so ba.

Akwai kuskure guda da likitoci ke yawan jan kunne a kansa: yi wa goɗiya allurar ƙara nishi alhali ɗan a karkace yake. Ƙarfin da aka ƙara ba zai miƙe ƙafa ba, mahaifar zai yaga. Haka nan ɗaura igiya a ja da ƙarfin maza uku, kamar yadda ake yi wa saniya, yana iya karya haƙarƙarin duƙushi ya kuma yi wa uwar raunin da ba za ta sake haihuwa ba.

Jar jaka da farar jaka

Duƙushi yana cikin jaka biyu ne. Ta ciki fara ce, shara-shara, mai ɗan shuɗi. Ta waje ita ce mabiyiya, ja ce jawur, mai laushi kamar karan-miski. A haihuwar lafiya ta wajen takan fashe tun a ciki, ruwa ya zubo, sannan farar ta leƙo da ƙafafu a cikinta. Idan jar ce ta fara leƙowa ba tare da ruwa ya zuba ba, ma'anarsa mabiyiya ta rabu da mahaifa tun ɗan bai fito ba, kuma a wannan lokacin yana shaƙewa. A nan babu zancen jiran likita. Wanda ke wurin zai sa almakashi ko yatsu ya yage jakar, ya lalubo ƙafafu da hanci, ya taimaka a fitar da ɗan nan take. Wannan ne dalilin da ya sa ake rataye almakashi a ƙofar barga tun makonni kafin lokaci.

A gabashi da tsakiyar Amurka wata ciyawa ce mai suna feskiyu ke yawan jawo wannan. Wani naman gwari da ke rayuwa cikin ciyawar yana fitar da guba mai kaurara mabiyiya, ta tsawaita ciki fiye da kima, ta kuma hana nono zuwa. Maganin da aka sani shi ne a janye masu ciki daga irin wannan makiyaya kwana 60 zuwa 90 kafin haihuwa.

Ita ma farar jakar tana kisa, kuma wannan ya fi addabar ƙananan dawaki. Babban duƙushi da zarar ya faɗo ya yi wutsil-wutsil da dogayen ƙafafunsa sai jakar ta yage. Ƙaramin wani lokaci ba shi da nauyi ko ƙarfin da zai yaga ta, sai ya faɗo lafiya lau, kamanninsa cikakku, ya mutu cikin 'yan mintoci da jaka a hanci, uwar tana kwance tana hutawa. A ganina babu asarar da ta kai wannan ciwo, domin yatsa biyu na yaro ma sun isa su hana ta, da a ce akwai wani a wurin.

Daga nan ne al'adar gadin dare ta samo asali. Cikin goɗiya yakan kai kwana 340, na ƙananan kuma sau da yawa yakan gaza haka da mako ɗaya ko biyu, amma tazarar tana da faɗi, kuma mafi yawansu cikin dare suke haihuwa, lokacin da ƙafa ta ɗauke. Masu kiwo sukan fara sa ido tun daga kwana 300. Suna duba cikar hantsa, da wani danƙo mai kama da kakin zuma da ke taruwa a kan nono, da sakin naman gindin wutsiya. Wasu sukan tatsi 'yan ɗigo su gwada da takardar awo, domin sinadarin kalsiyam yakan hau a cikin nonon idan haihuwa ta matso. Akwai kyamara a barga, akwai na'urar da ake maƙala wa ragama ta yi ƙara idan goɗiya ta kwanta ta miƙe a gefe guda. Sai dai ƙananan dawaki masu son kwanciyar gefe ne ko ba naƙuda, don haka mai kiwo yakan tashi sau biyar a dare ya tarar barci kawai ake yi. Wanda ya gaji ya kashe na'urar a dare na goma sha biyu, sau da yawa a daren ne ake haihuwar.

Gadon wadantaka

Wata asarar tun ranar barbara ake shuka ta. A shekarun da ake tseren samar da doki mafi ƙanƙanta, an yi ta amfani da ingarmun da ke ɗauke da jinin wadantaka, saboda 'ya'yansu sukan fito gajeru. Masu bincike a Jami'ar Kentaki, ciki har da John Eberth, wanda shi kansa a gidan kiwon waɗannan dawaki ya tashi, sun gano sauye-sauye huɗu a ƙwayar halittar da ake kira ACAN, wadda ke kula da ginin guringuntsi. Dokin da ya gaji guda ɗaya daga ɓangare ɗaya lafiyarsa ƙalau, ido ba ya gane shi. Amma idan aka haɗa masu ɗauke da ita biyu, a kowane ciki akwai yiwuwar kashi 25 cikin 100 a samu wada: ƙaton kai, muƙamuƙin ƙasa a zare, ƙafafu a karkace, numfashi da ƙyar. Nau'in da suka yi wa laƙabi da D1, idan ya zo daga uwa da uba duka, ɗan ba ya rayuwa, yawanci ɓarinsa ake yi. Ƙaton kan kuma shi kansa sanadin toshewar naƙuda ne, ya jefa uwar cikin haɗari.

Yanzu da 'yan silin gashin geza ko wutsiya ake gwajin, kuma kuɗinsa bai kai na kiran likita sau ɗaya cikin dare ba. Duk da haka akwai masu ƙin yi, saboda sakamakon yana iya karya darajar ingarman da aka saya da tsada. Wannan son zuciya ne tsagwaronsa, domin ba a ce a yanka mai ɗauke da ita ba, cewa aka yi kada a haɗa shi da irinsa.

Haɗarin da ke kan uwa

Ƙananan dawaki suna saurin ƙiba, masu su kuma suna saurin shagwaɓa su da hatsi. Goɗiya mai teɓa da ke da tsohon ciki ko take shayarwa, idan wani abu ya sa ta daina cin abinci kwana biyu ko uku, ko ciwon ciki ne, ko doguwar tafiya a mota, ko juyayin rabuwa da ɗa, jikinta yakan kwance kitsen da ya tara ya tura cikin jini gaba ɗaya. Hanta takan kasa sarrafa shi, jinin da aka ɗiba ya fito da fari-fari kamar an zuba madara, dabbar ta yi laushi, kuma da yawa ba sa tashi. Wannan ciwo bai cika kama manyan dawaki ba, amma yana kama ƙuru da jakuna, abin da ya kamata masu jakuna a ƙasar nan su sani: jaka mai ciki da ta juya wa dusa baya ba ta jiran gobe.

Bayan haihuwa likitocin dawaki suna da ƙa'idar da suke kira ɗaya, biyu, uku. Cikin sa'a 1 duƙushi ya miƙe, cikin sa'a 2 ya kama nono, cikin sa'a 3 mabiyiya ta faɗo. Mabiyiyar da ta wuce haka a ciki, ko ɗan guntunta da ya yage ya saura, takan ruɓe da sauri, gubarta ta shiga jini ta sauka a kofato, har ƙashin ciki ya rabu da bangonsa. Ba a jan ta da hannu. Idan ta faɗo kuma sai a shimfiɗa ta a ƙasa a duba ko ta cika.

Batun kama nono ya wuce maganin yunwa. Duƙushi yana zuwa duniya ba tare da garkuwar jiki ba, domin mabiyiyar goɗiya ba ta barin sinadaran kariya su ratsa. Dukkan kariyarsa tana cikin dakashi, kuma hanjinsa yana iya tsotse ta ne a sa'o'in farko kawai, ƙofar tana ƙuntata tun daga sa'a 12, ta rufe kafin 24. Wanda bai samu ba sai ƙwayoyin cuta su shiga ta cibiya ko ta baki, a kwana na uku a ga gwiwa ta kumbura, a kwana na biyar a binne shi. Saboda haka ake gwada jininsa a rana ta farko, a ƙara masa ruwan jinin wani doki idan ya gaza, a kuma tsoma cibiya cikin maganin kashe ƙwayoyin cuta. Masu dabara sukan tatsi ɗan dakashi daga goɗiya mai yalwa su daskarar don ranar da wata za ta mutu ta bar maraya.

Idan aka yi rashin

Duk wanda ya yi abin da ya dace ma wata rana sai ya rasa. Abu na farko da gogaggun masu kiwo ke yi ya saɓa wa abin da zuciya ke so: ba sa gaggawar ɗauke gawar. Sukan bar ta wurin uwar na wasu sa'o'i, ta shinshina, ta tura da hanci, ta lasa, har ta juya da kanta ta koma ga ciyawa. Wadda aka ƙwace wa ɗa nan take takan yi kwanaki tana haniniya tana zagaye barga tana ƙin abinci, kuma mun riga mun ga inda ƙin abinci ke kai ƙaramar goɗiya. Daga nan sai a rage mata hatsi don nono ya ƙafe, ba tare da an hana ta ciyawa da ruwa ba, a guji tatsa domin tatsa kiran wani nonon take yi, a riƙa taɓa hantsar ko ta yi zafi. Idan an yi sa'a akwai maraya a wata barga, ana iya gwada haɗa su, wani lokaci ta karɓe shi kamar nata.

Na biyu shi ne neman sanadi. Ana kai gawar da mabiyiyar tare ɗakin bincike, a sanyaye amma ba a daskare ba, domin ƙanƙara tana lalata naman da za a duba. Wannan ba bin diddigin ƙaddara ba ne. Idan ƙwayar cutar EHV-1 ce ta jawo ɓarin, ruwan da ya zuba cike yake da ita, kuma tana iya bi ta sauran masu ciki ɗaya bayan ɗaya, don haka sai an killace goɗiyar an ƙone shimfiɗar. Ita ce cutar da ake yi wa rigakafi a wata na 5 da na 7 da na 9 na ciki. Idan ciwon mabiyiya ne da ya hauro daga waje, a ciki na gaba za a san a sa ido kan hantsar da ta cika kafin lokaci. Idan tagwaye ne, waɗanda mahaifar goɗiya ba ta iya ɗauka, za a san a yi hoton ciki a kwana na 14 zuwa 16 a cire guda. Idan kuwa igiyar cibiya ce ta murɗe, mai kiwo zai samu abin da ya fi buƙata a lokacin, wato tabbacin cewa ko a bargar ya kwana ba abin da zai iya.

Wannan tabbaci yana da muhimmanci, domin mafi yawan masu ƙananan dawaki ba manyan attajirai ba ne. Iyalai ne masu goɗiya uku ko biyar a bayan gida, sun san kowace da sunanta, yaransu sun riga sun raɗa wa ɗan cikin suna. Zargin kai yakan fi asarar kuɗin nauyi: da ban shiga wanka ba, da na kira likita tun da farko. Ta fuskar kuɗi akwai ɗan sauƙi, tunda yawancin yarjejeniyoyin barbara a can suna ɗauke da sharaɗin cewa idan ɗan bai miƙe ya sha nono ba, za a maimaita barbarar a shekara mai zuwa ba tare da sabon biya ba. Amma wannan bai mayar da kuɗin abinci da allurai na wata 11 ba, balle na tiyata, wanda kan ninka farashin goɗiyar kanta.

Sai shawara mafi wuya, ko a sake ko a haƙura. Goɗiyar da ta sha wahala saboda ƙafa ta lanƙwashe tana iya haihuwa lafiya a gaba, tunda tsautsayin rana ɗaya ne. Wadda ƙugunta ne ya yi ƙunci kuwa, gobe ma haka yake. Masu kiwon kirki ba sa haɗa 'yar ƙaramar goɗiya da ingarman da ya fi ta girman ƙashi, ba sa yi mata barbara kafin ta kai shekara 3, kuma sukan yi wa wadda ta sha wuya sau biyu ritaya. Wasu kuma bayan mummunar shekara sukan bar kiwon gaba ɗaya, su dandaƙe ingarman, su ci gaba da zama da dabbobinsu haka nan. Ban ga abin zargi a nan ba, musamman da yake cibiyoyin ceton dabbobi a Amurka suna karɓar ƙananan dawakin da aka haifa ba tare da an tanadi mai saye ba.

Ga mai sha'awa a ƙasar nan, wanda ya ga hoton ɗan doki kamar abin wasan yara har ya fara tambayar farashi, akwai ƙarin lissafi biyu. Dokin da aka shigo da shi daga Amurka ko Turai ba shi da garkuwar cutar dawaki ta Afirka, wadda ƙananan ƙwari masu cizo ke yaɗawa, kuma tana kashe mafi yawan baƙin dawakin da ta kama. Sannan asibitocin koyarwa na dabbobi, irin na Zariya da Sakkwato da Maiduguri, suna da nisa da yawancin bargogi, alhali naƙudar goɗiya ba ta ba da fiye da rabin sa'a. Wanda ya riga yana da goɗiya ta gida, ko ta hawan salla ce ko ta kilisa, ƙa'idojin nan duka nasa ne: allurar cutar sarƙe haƙora mako 4 zuwa 6 kafin haihuwa, fitila da almakashi da tsumma mai tsabta a kusa, lambar likita a wayar mai kula da barga, da mutum guda da zai kwana a farke daga ranar da hantsa ta cika.